Ɗigon Ruwa a Ƙarƙashin Motar Lameki

Tun da aka binne Lameki Mhango motarsa ta koma hannun matarsa Nyamsiska, mutanen Chitimba, garinsu na bakin tafki, kuma suka sami abin taunawa. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, tsatsa ta ci gindin ƙofofinta. Shi ya koya mata tuƙi a filin ƙwallo, yana yi mata tsiya wai tana riƙe sitiyari kamar muciya. Yanzu da motar take kai busasshen kifin matan gari kasuwar Rumphi, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta iya roƙo ba, wannan ma laifi ne a wurin dangin miji.

Yotamu, ƙanin marigayin, masunci ne, bai taɓa zama a kujerar direba ba. So yake a sayar da motar a sayo wa kwalekwalensa inji. Ya kuwa sami hujja: kullum da safe sai an tarar ƙasa a jiƙe ƙarƙashin motar. Ya bi gari yana cewa lagireto ya fashe, mace ta kashe inji, gara a sayar kafin ta zama akurkin kaji. Dattawa suka sa ranar zama a garin Chilumba, a gidan mahaifiyar Lameki. Za a tsayar da motar a tsakar gida kowa ya leƙa ƙarƙashinta. In ta ɗiga, makulli ya bar hannun Nyamsiska.

Ranar zaman da sassafe Yotamu ya iso gidan Nyamsiska, ya kife turmi ya zauna a kai, wai kada a yi masa rufa-ido.

"Matar yaya, ga shi nan yau ma motar ta yi fitsarin kwance," in ji shi.

Nyamsiska ta nufi motar. Ta san lagireto cike yake, domin kullum tana dubawa. Ta durƙusa ta dangwali ruwan, ta murza, ta sansana. Santsi gare shi, ga ƙamshin garin sabulu. Duk direban bakin tafki haka yake yi, ya cika tankin wanke gilashi da ruwan tafki ya barbaɗa garin sabulun wanki, domin ruwa zalla ba ya fitar da maiƙon ƙudajen tafki. Haka Lameki ya yi, haka ita ma ta gada. Ba wanda ya taɓa tunanin yashin da ke shiga tare da ruwan, balle abin da sabulu ke yi wa roba.

Ta cika tankin, ta shiga ta ja sandar feshi. Famfon ya yi gunji, alamar da ransa, amma abin da ya fito bai fi tofin yawu ba. Ta bi tiyo da yatsa daga sama har ƙasa, a bushe yake. Sai da ta kwanta rigingine ta cusa hannu bayan tayar gaba sannan ruwa ya gangaro mata har gwiwar hannu. Daga gindin famfon yake fita, daidai inda ya shige cikin tankin.

Tana miƙewa ta hango abin da ya ƙara tayar mata da hankali. Can tsakiyar tafki wani baƙin abu ya miƙe sama kamar hayaƙin gobara. Ƙudajen tafki ne suka tashi, iska kuma gaɓa take kaɗo su. Mata har sun fara fitowa da kwanduna. Su abinci ya zo musu, domin a nan ana cin ƙudajen, ita kuwa ta san yadda gilashi ke komawa in an ratsa su ba ruwa.

Ta girgiza famfon a hankali ta zaro shi, ruwan tankin ya zubo mata a ƙirji. Zoben robar da ke toshe bakin ramin ya tsage, ya bushe ƙamas. An naɗe shi da wani ruɓaɓɓen ƙyalle. Ta warware shi, sai ta yi tsaye da shi a hannu. Shuɗi ne mai zanen tsuntsaye, gefen zanen da surukarta ta ɗaura mata ranar aure. Bara ta tarar an yage shi a kan igiyar shanya, ta bi akuya da duka, Lameki yana zaune yana taya ta zagin akuyar, ashe shi ne ya yage shi. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta haɗiye su duka, domin Yotamu yana kallo. Kewar mijinta ba ta taɓa kama ta irin ta wannan safiya ba.

Ba inda za a sami sabuwar roba sai can birnin Mzuzu. Ta ɗauko tsohuwar robar cikin tayar keke, ta yanka faifai biyu da reza, ta huda tsakiyarsu. Na farko ramin ya yi faɗi. Ta sake yankawa, ta shafa sabulu, ta danna famfon har ya zauna daram. Ta tace ruwan rijiya da gefen zani ta cika tankin. Ƙyallen kuwa ta ɗaure shi a jikin makulli. Yotamu ya ce rana na yi, ba gwaje-gwaje aka zo kallo ba, don haka ko jan sandar ba ta samu ta yi ba suka kama hanya.

A wata kwana mai dutse a hagu, tafki a dama, suka shiga ƙudajen. Rana ta dushe. Ƙarar su a gilashi kamar yayyafi a kan kwano, kafin ƙiftawar ido komai ya rufe. Can gaba wata tirela tana ta danna ham, ba a ganinta. Ta ja sandar. Waifar share gilashi ta tashi ta dama ƙudajen suka zama kunu, famfo yana gunji, ruwa shiru.

"Taka burki, matar yaya. Don Allah tsaya," in ji Yotamu, muryarsa ta koma ta wani daban.

Ba wurin tsayawa, ita ma ta sani. Ta riƙe sandar ba ta saki ba. Iskar da ta shiga tiyo ta yi tari, ta sake yi, sannan ruwa ya feso da ƙarfi. Gilashin ya washe faɗin tafin hannu guda, ta nan ta ga hancin tirelar ya ci rabin layinsu. Ta kauce, tirelar ta wuce har motar na jijjiga. Daga nan suka miƙe har Chilumba.

Aka tsayar da motar a tsakar gida, ta yi baƙi ƙirin da ƙudaje. Aka ci tuwon masara da kifi, ita ko loma ba ta iya kaiwa baki ba. Sannan dattawa suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa a bushe. Babban kawu ya tambayi Yotamu abin da ya gani a hanya, ya ce shi idonsa a rufe yake. Duk da haka kawun ya ce a ajiye makulli a tabarma tukuna, akwai sauran magana.

Nyamsiska ta durƙusa ta ajiye. Tsohuwar, mahaifiyar Lameki, ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta daɗe tana murza ƙyallen, ta kai shi dab da idonta, ta tambayi inda aka samo shi. Nyamsiska ta ce a cikin motar, Lameki ne ya ɗaure famfo da shi.

"Ni na ba ki zanen nan," in ji tsohuwar. "Shi kuma ya sa shi a motarsa. To, me ya rage a ce?"

Ta kama hannun Nyamsiska, ta sa mata makullin a ciki, ta dunƙule mata yatsu a kai.