Tambarin da ke jikin rijiyarmu

Ina cikin jera kwalayen tumatir a kasuwar Aziziya na miƙa wa kafilina, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a nan ƙasarsu, wayata, ya ga hoton da ƙanena ya turo. Rijiyar burtsatse ce wata ƙungiyar Turawa ta haƙa a ƙauyenmu, can gefen Maraɗi. Murna nake, wallahi.

Shi kafilin nawa ya yi karatu a Turai. Sai ya ƙura wa allon jikin rijiyar ido.

"Ya Sani, wannan tambarin caca ne. A can, duk tikitin da aka saya ana cire wani abu a zuba a ayyukan jama'a, gidajen marayu, wasan kwaikwayo, har ruwa irin naku."

Iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa, ga tambarin caca a wayata, a ƙasar da ba a wasa da wannan.

"Za a kama ni, mudir?" na tambayi maigidan nawa.

"La, a'a, ba kai ka buga ba. Amma ni dai ba zan sha ba."

Wannan ta fi tsorata ni. Da ruwan nan Inna take alwala yanzu. Da can ruwan tafki suke sha, shi ya kashe ɗiyar yayana bara.

Yau kwana uku. Sau biyu Inna ta kira tana sa wa Turawan albarka, ban faɗa mata ba. Na san halinta, in ta ji, tafki za ta koma.

Masu ilmi a cikinku, don Allah, in faɗa mata ko in yi shiru?