Ranar da Auta Ta Amsa Taken Gidanmu

Wallahi da kun ga yadda tsohon nan yat tsaida hannu! Kalangu a hammata, baki buɗe, shina kallon yarinyar da ko teburin nama ba ta kai tsawo ba. Amma tsaya, na faro daga ƙarshe, bari in koma baya.

Mu mahauta ne, nan Talata Mafara. Kowane gidan fawa da takenai, wato kiɗan da in anka buga a kalangu kowa ya san da wane gida ake. In ka ji naku, sai ka miƙe ka ɗaga hannu ka yi jinjina, ka yanko ma makaɗi tsoka. In na wani gida ne, ko ƙafa ba ka kaɗawa. Amsa taken wasu abin kunya ne, awa ka ce ba ka san gidan ubanka ba.

Ranar wani suna a gidanmu, tsohon da ke yi ma mahautan garinmu kiɗa yat tsaya ƙofa yab bugo namu. Manya sunka amsa. Yaran yayana uku kuwa, maza biyu da auta mace, suna zaure sun haɗa kai kan waya, ko ɗagowa ba su yi ba. Tsoho yad dube ni yac ce, "Samari, jikana nike koya ma kiɗa yanzu. Taken da babu yaro mai amsawa ba ni ɗora mai shi, kaya ne kawai. Zan gwada su ran kasuwar jajibirin Sallah. In ba su gane ba, naku ya bi ni kabari."

Kai, abin ya tsaya min a rai.

Nic ce ni zan koya ma yaran takenmu da kaina, ko da shike ni fa ba wanda yak koya min kiɗa. Gwangwanayen madara biyu nih haɗa gindi da gindi, nij ja musu fatar ɗan akuya, fata kam ba ta yi muna wuya. Nib bi tsohon kasuwa ina ɗaukar kiɗanai a waya, in koma bayan gida in yi ta kwaikwayo har yatsu sunka yi kanta. Kakata tag gan ni tac ce, "Oh ni! Mijina ya bar wuƙa ya koma roƙo. Sake ni tun da wuri, ba ni auren mai gwangwani."

Nic ce, "Tsohuwa, in na yi suna ke za ki riƙa min jaka."

Yaran da farko dariya sunka yi min. Sai nic ce to, bari in buɗe musu kunne tukuna. Nit tafi Dosara wurin wata gayya niɗ ɗauko kiɗan gangar noma a waya, su ji yadda fartanya ke faɗuwa tare da kiɗa. Wani makiyayi a bakin ruwan Bakura yab busa min sarewa niɗ ɗauko, auta tana ji tat tambaye ni ko tsuntsu ne. Kakata ma da ke min tsiya, ran nan taj jawo shantunta daga ƙarƙashin gado, tab busa ƙura, tab buga a cinya. Yara sunka zazzaro ido, ba su taɓa sanin tsohuwar nan ta iya wani abu ban da faɗa ba.

Gane takenmu bai ba su wuya ba. Abin da yab ba ni wuya shi ne koya musu zama shiru. Yaran waya ne, komi anka kunna rawa suke. Na tsakiyar nan ko daka ake a turmi sai ya kaɗa kafaɗa. Sai in buga taken wani gida, wanda duk yam motsa mu yi mai ca: "Kai ɗan gidan wa?" Na tsakiyar har kuka ya sha yi.

Ran jajibiri nij jera su kan benci a rumfar yayana. Tsoho yat taho da jikanai a baya, shina bin rumfuna ɗai ɗai. Yab buga na maƙwabtanmu, mai daɗin nan da ke ɗaga mutum. Nig ga kafaɗar na tsakiya ta fara. Auta tam mintsine shi a cinya tac ce, "Ba namu ba ne, sakarai!"

Ashe tsohon nan wayo gare shi. Bai zo gabanmu ba. Yaj juya muna baya can gefen masu kayan ciki, yas saki namu a hankali, ƙasa ƙasa, cikin hayaniyar kasuwa. Mazan biyu sunka dubi fuskata suna jiran alama. Nid daure, nik kafa ido ga ƙasa.

Sai ji niy yi benci ya motsa. Auta ta haye bisa, ta dunƙule ɗan hannunta sama. "Namu ne! Baba, namu ne!"

Nan ne tsoho yat tsaida hannu. Yaw waiwayo yac ce, "A'a! Amaryata, ke ce? Gardawa na zaune, mace ta kwashe gida?"

Mahauta sunka fashe da dariya. Yayana yay yanko tsoka mai kyau yas sa mata a hannu biyu, tak kai tana tangaɗi. Tsoho yak karɓa, yaj jawo jikanai gaba yac ce, "Buɗe kunnenka, wanga ba a yasda shi." Yas sake bugawa daga farko, sannu sannu, yaron na bi. Sai ga mazan biyu tsaye su ma, hannu sama, na tsakiya na rawa iya ƙarfinai ba mai hana shi.

Da munka koma gida kakata tac ce ta fasa neman saki.

To ku fa, akwai kiɗan da ake yi ma gidanku, na noma ne ko na ƙira ko na fawa? Yaranku za su gane shi in an bugo musu ta baya? Ku gwada, don Allah ku ba ni labari.