Wardiya, Malamar Gonar Masu Inabin Dellys

Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, ko raɓa ta yi nauyi, ba a samun Wardiya Ait Sa'adi a ofishin aikin gona na Dellys. Tana cikin gonakin inabi da takalmin roba, tana bin layi tana juya ganye. Ɗigon rawaya a sama, farar fumfuna a ƙasa, shi take nema. In ta gani, ta kira mai gonar. In ba ta gani ba, ta sha gahawarsa ta wuce gaba. Haka ta yi sama da shekara talatin, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Lokacin da aka turo ta, maganin fumfuna ɗaya mu masu inabi muka sani, shuɗin ruwan nan na jan ƙarfe. Yana aiki, amma yana taruwa a ƙasa. Wata shekara Ammi Rabah, wato Baffa Rabah, dattijon da gonarsa ke bakin rafi, ya saki tumakinsa su ci ciyawar gindin inabi. Rabinsu suka mutu saboda gubar maganin. Wardiya ce ta je ta roƙe shi aron wasu layuka, ta gwada feshi da jiƙon tafarnuwa da ɓawon rumman da ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke fita a gefen ruwa.

Ya leƙa durom ɗin jiƙon, ya toshe hanci. "'Yata, wannan magani ne ko miya? In miya ce a kawo burodi."

"Ammi, ba ni layin ƙarshe kawai. In ya lalace ka zage ni."

"Zagi kam kyauta ne, ba sai ya lalace ba."

Ya ba ta. Shekarar farko ruwa bai yi yawa ba, layin ya yi kyau, maƙwabta suka kwaikwaya. Shekara ta gaba aka yi ta ruwa har inabi ya yi fure. Fumfuna ta cinye duk inda aka dogara da jiƙon kaɗai. Akwai gidan da bai kai ko kwando ɗaya kasuwa ba. Aka sa mata suna Mai Miya.

Waɗanda suke wurin sun ce da ƙafarta ta shiga gidan gahawa na kasuwa, inda mata ba sa zama, ta tsaya a tsakiya.

"Jiƙon nan kariya ce, ba ya warkar da ganyen da ya kamu. Ban san iyakarsa ba sai bana. Yanzu na sani."

Wani ya ce, "Da gonakinmu kika yi karatun ke nan!"

Ta ce, "Da su ne."

Ba ta daina ba, ba ta kuma ƙara barin kowa ya gwada a gona guda cur ba. A hankali ta fito da tsarin da yawancinmu ke bi yau: a rage ganye iska ta ratsa, a yi jiƙo in sama ta yi sauƙi, a ajiye shuɗin magani sai ruwa ya yi tsanani. Feshinsa ya ragu ƙwarai. Da wani ɗan kasuwa ya so ya zuba jiƙon a kwalba da sunanta, ya rubuta cewa yana maganin komai, ta ce masa, "Sa sunan mahaifiyarka, in ta yarda."

Wardiya, ke ce kika tsaya gaban waɗanda suka yi asara ba ki laɓe bayan ofis ba. Uwar gonakin Dellys, mun gode. Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Matasan malaman gona kuma, ku gwada kaɗan-kaɗan, ku faɗi iyakar abin da kuka sani, ku riƙe gonar wani kamar taku. Ita dai a bene take zaune cikin gari, ba ta taɓa mallakar itacen inabi ko ɗaya ba.