Tozon da Ke Ƙarƙashin Gonar Inna

Aikina shi ne in dubi dutsen da ke sama in faɗi yadda na ƙarƙashin ƙasa yake kwance. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin aiki ba. In matan ƙauyenmu, can bayan Keita, suka tambaye ta abin da 'yarta take yi a Yamai, sai ta ce musu, "Duba takai, sai dai ita da ordinatar."

Ban cika yi mata gardama ba, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Nakan ɗauki busol, wato kamfas ɗin awo, da guduma in bi gindin duwatsu. Duk inda shimfiɗar dutse ta leƙo waje sai in auna gefen da ta karkata da yawan karkatarta, in ɗauki hoto, in rubuta. Idan na koma buro, wato ofis, sai in zuba awon cikin wata manhaja ta ordinatar, kwamfuta ke nan, ita kuma ta haɗa su ta zana mini yadda shimfiɗun suke tafiya inda ido bai kai ba. Masu neman man fetur abu ɗaya suke kwaɗayin gani a wannan zane: wurin da shimfiɗun suka yi tozo kamar ƙwarya a kife, domin nan ne mai yake taruwa ya rasa mafita. Manhajar tana da biyayya ƙwarai. Abin da ka ba ta shi take dafawa, ba ta tambayar a wace kasuwa ka sayo.

Duwatsun ƙasarmu ta Adar kuwa a kwance suke, kamar tabarmin da aka jibge. Shekara biyu ina yawo tsakanin Buza da Keita kan binciken da shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya ɗora ni a kai, ban ga abin da ya karkata ba. Sai wata rana bayan girbi, ranar ƙarshe ta fita, na tsaya a bakin kwazazzabon da ke gabas da ƙauyenmu. Can na hangi bakin wani falalen dutse ya fito daga cikin ƙasa a karkace, yana gangarawa gabas. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma. Na ƙetara zuwa kwazazzabon yamma, na tarar da irinsu, su kuma sun gangara yamma. Awo goma sha ɗaya na yi. Inna ma a tsaye na gaishe ta, na sha fura, na ce sauri nake yi.

A Yamai na zuba awon, na danna. Shimfiɗun da suka saba kwanciya suka tashi a gabana suka yi tozo, kyakkyawa, irin wanda ake nuna wa ɗalibai a littafi. Na yi ta juya shi a fuskar ordinatar, in duba ta nan in duba ta can. Shef ya zo ya tsaya a bayana, ya cire tabarau ya mayar. Mutum ne mai rowar yabo, amma ranar sai da ya ce, "Wannan aiki ya yi." Na ji kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sai da ya fita na ɗora taswirar ƙauye a kan zanen. Ƙololuwar tozon ta faɗa daidai tsakiyar gonakin mata, kuma ta Inna tana ciki.

Wannan wuri da can fako ne, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Lokacin aikin farfaɗo da ƙasa matan ƙauye ne suka yi ta ɗauko duwatsu a ka suna jerawa, jeri bayan jeri, don ruwan sama ya tsaya ya ajiye ƙasar da ya kwaso. Da wurin ya rayu aka yanka wa kowace tata. Ni ban ga aikin ba. Ina ƙarama aka kai ni Madawa wajen gwaggo don in shiga lakwal, wato makarantar boko. Abin da na sani shi ne bayan rasuwar Baba da hatsin wannan gona Inna ta riƙe gida, kuma har yau tsakiyar kanta babu gashi, inda gammo ya cinye.

Ba a yi kwana uku ba shef ya kira ni. Ya ce zai nemi a aiko da manyan motocin nan masu buga ƙasa, a saurari amsar da za ta dawo daga ƙarƙashi, a ga ko tozon ya nutsa da zurfi. Ya ce in ja layin da za su bi. Na taɓa ganin irin wannan aiki a gabashin ƙasar nan. Layin ba ya san kwana. Ana share masa hanya miƙe, abin da ya tare shi a ture. A hamada wannan ba komai ba ne. A gonar Inna kuwa, in aka fasa jerin duwatsu ko sau ɗaya, damina guda ta isa ta kwashe abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Na ja layin. Na gwada kautar da shi arewa, na gwada kudu, amma duk layin da bai ratsa ƙololuwar ba aikin banza ne, kuma shef ba yaro ba ne. Da hannuna na ja shi ta tsakiyar gonar.

Mako uku na yi abinci ba ya shiga. In na tuna shekara biyun da na yi ina dukan dutse, sai in so tozon ya zama gaskiya. In na tuna kan Inna, sai in roƙi Allah ya sa babu komai a ƙarƙashin. Na riƙa yi wa abokan aiki faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in yi tsammanin labarin ya riga ni isa ƙauye. Tsoro nake ji, tsoron ranar da Inna za ta tambayi wa ya nuna musu wurin.

Daga baya shef ya ce in je in taka layin da ƙafa, in kuma sanar da mai gari, tunda 'yar gida ce ni. Na hau mota zuwa Madawa, daga can na kama ta Keita. Duk tsawon hanya ina tsara maganar da zan faɗa, ina rushewa.

Inna ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ke wagga, mi ac cikinki? Kin rame awa kazar da ta yi kwanci."

Na ce gajiya ce. Ba ta yarda ba, ba ta kuma matsa ba.

Da safe na ce ta raka ni gona. Muka zauna a inuwar wani gawo, na buɗe ordinatar a cinyata. Na nuna mata tozon, na nuna mata layin, na faɗa mata abin da motocin za su yi. Ta tsura wa jerin duwatsunta ido, har na fara fatan ta zage ni in huta.

Can ta ce, "To wa yag gaya maki akwai tozo ƙarƙashin gonata?"

Na ce duwatsu ne suka nuna, na buɗe mata hotunan. Ta kawo fuska kusa, ta ce in ƙara girman na farko. Ta sa yatsa a kan wani tsagi da ke gefen falalen.

"Wanga ai na san shi. Shi yak karya ma maƙwabciyarmu yatsa."

Na ce, "Inna, wannan dutsen ƙasa ne, tun fil'azal yake nan."

"Tun hil'azal na wa? Tashi mu tahi."

Ta yi gaba da sandarta, ina biye kamar wadda aka kama da sata. A bakin kwazazzabon gabas ta tsaya kan falalen da na fara aunawa, ta buga shi da sanda. Ta ce ruwan kwazazzaban nan biyu ne yake cin gefen gonakin, shi ya sa suka tayar da bangon ƙasa a kowane gefe. Kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya kawo manyan falale daga dutse, maza suka ɗaga da sandunan ƙarfe, mata suka riƙa cusa ƙanana a ƙarƙashi, aka jingina su jikin bangon, na gabas suna kallon gabas, na yamma suna kallon yamma, don ruwa ya goga ya wuce. Shekaru suka binne su, sai bakinsu kaɗai ya rage a waje.

"Mu munka jingina su, ɗiyata. Kwana arba'in muna yi."

Na durƙusa na tona gindin falalen da bakin guduma. Ko kamu biyu ban yi ba na ga ƙarshensa, ga kuma ƙananan duwatsu a cushe a ƙarƙashi, kowane inda hannu ya sa shi. Da na yi wannan tonon ranar farko, da maganar tozon ba ta kai ko'ina ba. Sauri da murna ne suka rufe mini ido.

Na koma gindin gawo na fara cire awon ɗaya bayan ɗaya. Kowane na cire sai tozon ya ɗan faɗa. Da na cire na goma sha ɗaya shimfiɗun suka koma suka kwanta yadda Allah ya ajiye su. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, ga kuma wani sanyi da ya sauka a ƙirjina, wanda rabona da shi mako uku. Na zauna ina hawaye, ban san na wanne ba ne.

A nan na kira shef, don na san in na bari sai na koma Yamai zuciyata za ta fara nemo dabara. Na faɗa masa komai. Ya ce in rubuto a takarda, da sa hannuna, kuma binciken sai an sake duba shi tun daga farko. Bai yi sallama ba ya kashe.

Inna tana tsaye tana gyara wani dutse da ya zame daga jeri. Ba ta juyo ba ta ce, "Motocin na zakkuwa?"

Na ce, "Ba za su zo ba."

Ta danna dutsen da ƙafa har ya zauna, sannan ta dube ni.

"Shekara nawa kina karatun dutse wajen baƙi, ba ki taɓa tambaya ta ba ko sau guda. Ni da nid ɗauke shi bisa kaina."