Kanwar Jegon Yaya Hadiza a Shingen Sabon Wuse

Suleja

Ana kiran assalatu na bar gidanmu a Hashimi. Kaduna na nufa, wurin yayata Hadiza da ta haihu. Umma ta cika mini jaka da yajin jego, busasshen kifi da dakakkiyar kanwa ta kunu. A tasha na samu gurbin baya, kusa da wani ɗan unguwarmu mai sayar da caja. Har gaisawa muka yi.

Diko

Direba ya tsaya shan mai. Ya ce, "Akwai shinge a gaba, da kare. Wanda ya san yana da abin ɓoyewa ya sauka nan." Aka yi dariya, har da ni.

Sabon Wuse

Gari ya fara wayewa jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi suka tare mu, aka jera jakunkuna a gefen titi. Karen ya wuce tawa, bai ko tsaya ba. Da idona na ga mai riƙe da shi ya dube ni, ya ja igiyar baya, ya ƙyasta yatsa a kan jakar. Sai karen ya zauna.

"Ta wace ce?"

Na ce, "Tawa ce, yallaɓai. Ba mace a cikinku da za ta duba?"

"Ƙanwata, kare ya nuna. Shi ne takardarmu."

Ya zazzage komai a ƙasa, har kayana na ciki, maza na kallo. Karen ya cusa baki cikin kifin. Jami'in ya ɗaga ledar kanwa sama, wata mata ta ce, "Innalillahi, da hijabinta!" Ɗan unguwarmu kuwa ya saita waya yana ɗaukar hoton bidiyo.

Wani babbansu ya lasa garin ledar, ya tofar. "Kanwa ce. Kwashe ki tafi." Ko sannu babu.

Me zan kai wa mai jego, abin da kare ya sa wa baki? Na tsallaka titi na hau motar dawowa.

Gida

Hoton ya riga ni isowa, kuma daidai ɗaga ledar aka yanke shi. Matan layinmu sun cika tsakar gida, kowa da waya a hannu. Na rantse, na sake rantsewa. Maƙwabciyarmu ta ce, "To ai kare ba ya ƙarya, Zainabu."

Na gode wa Allah da na kwana a ɗakinmu. Na gode wa Umma, ita kaɗai ce ba ta tambaye ni ko da gaske ne ba.