Gyaran da Inna ta karɓo mana a Madina

"Ki ce masa ya rage, kuma ya ba mu gyara."

Inna ce, mahaifiyata, ta dafe buhun shinkafa a gaban mai karɓar kuɗi a wani babban kanti a unguwar Khalidiyya, ga layi a bayanmu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun da ta zo Umra ta sauka gidanmu take zaune shiru. Matar da 'yan kasuwar garinmu ke shakkar tayinta, yau ba ta jin Larabci, ko tumatir sai dai a sayo mata.

Na ce, "Inna, nan ba a tayi."

Ta ce, "Ba ki dai iya ba."

Ta juya kan yaron da Hausa tsantsa, tana nuna shinkafa tana girgiza kai. Ni kuwa na miƙa masa wayata ta gefe, ya ɗauki lambar rangwamen da kantin ya turo mini. Kuɗi suka sauka. Ashe rangwamen kantin har da kwalbar man girki kyauta. Ya miƙa mata yana murmushi: "Hadiyya, ya khala," wato kyauta ce, gwaggo.

Inna ta rungume kwalbar kamar jika. "Kin gani? Shekara nawa kina nan suna cutarki!"

Har muka isa gida tana dariya, ta buga wa ƙannenta waya ta ba su labari. Yanzu ta ce ba ni ƙara zuwa cefane babu ita.

Ban faɗa mata ba. Ku da kun faɗa?