Motar da Ba Ta Tashi Sai da Jama'a

A cikin abubuwan da Allah ya nuna mini a tsawon rayuwata, akwai wani yammaci guda a wani fako kusa da Gagarawa Tasha wanda ba na jin zai bar zuciyata har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ni ba direba ba ne, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Abin da na sani shi ne allo da tawada, sai ɗan rubutun ajami da nake yi wa mutane idan sun buƙata. Amma aminina direba ne, ƙauyenmu ɗaya, tare muka tashi, kuma ta dalilinsa na shiga wannan al'amari.

Tun muna samari, direbobin da ke jigilar kasuwanni tsakanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar suna da wata al'ada. Idan aka gama girbi, gero ya shiga rumbu, aka kakkaɓe riɗi, sai su sa rana su yi tsere a wannan fako da motocinsu na aiki, a-kori-kurar nan da ke ɗaukar buhuna da awaki. Kowane gari da motarsa. Motocin kuwa duk tsofaffi ne, babu mai tashi da makulli, sai an tura. Don haka da turi ake fara tseren. Za a jera su a kashe, mutanen kowane gari su tsaya bayan tasu, sarkin tasha ya ɗaga hularsa ya sauke, sai kowa ya sa kafaɗa. Wadda mutanenta suka fi yawa ita ke fara kamawa. Daga nan masu turi su koma bayan igiya, direbobi su je su kewaye wata tsohuwar kuka da ke ƙarshen fakon su dawo. Ni aikina in buɗe taro da addu'a, in roƙi Allah ya sa a tashi lafiya. Akwai malaman da suka ga bai dace in je ba, amma ni na ga zumunci ake yi, kuma ba a farawa sai an yi la'asar.

Da zamani ya juya, direbobi suka samu motoci masu lafiya. Aminina ne ya fara cewa turin nan ƙauyanci ne, baƙi suna yi mana dariya. Aka yarda, aka daina. Aka shiga gayyato samari daga birni da motoci masu sheƙi, suna juyi a wuri ɗaya, taya na ƙara. Shekarar farko fakon ya cika maƙil. Daga nan sai mutane suka fara janyewa. Aka kawo lasifika, aka kawo makaɗa, har babur aka sa kyauta ga 'yan kallo, amma kowace shekara igiya sai ƙara yin fili take. Akwai shekarar da na ɗaga hannu na yi addu'a, masu cewa amin ba su kai sahun asuba na masallacinmu ba.

Fakon nan na wani attajiri ne da ya rasu, kuma kafin rasuwarsa ya faɗa a gaban shaidu cewa muddin jama'a na son wasan, a bar musu wurin. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Alhaji, ya aiko aka kira ni da aminina. Mutum ne mai kunya, bai ɗaga mana murya ba.

Ya ce, "Baba, ba na son saɓa maganar mahaifina. Amma don jama'a ya bari, ga shi jama'a sun tafi. Akwai masu son a yanka wurin filaye. Bana zan zo da kaina in gani. Kuma ku sani taron yini ɗaya ba wuya, ko mai maganin gargajiya ya tsaya da lasifika za a taru. So nake in ga ko akwai wanda abin ya dama. In babu, ku yafe ni."

Aminina ya ce, "Ka yi adalci, Alhaji." Muka yi sallama muka fito. A lokacin ciwon suga ya riga ya kama shi, ƙafarsa tana kumbura. A wannan fako ya yi suna, a nan mahaifin matarsa ya fara ganinsa, a nan ya koya wa rabin direbobin yankin tuƙi. Ban taɓa jin ya ce yana tsoron mutuwa ba, amma ranar ya ce mini yana tsoron ya rigayi wasan ko wasan ya riga shi.

Bayan 'yan kwanaki na raka shi Ɗanzomo, muka tarar da wani dattijo manomi a rumfar mai shayi, wanda a da ba ya fashin zuwa tsere. Aminina ya gaishe shi ya ce, "Baba, kun yashe mu. Me muka yi muku?"

Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "In zo in yi me? Da, da wannan kafaɗar ake tayar da motar garinmu. In ta ci, ni na ci. In ta sha kaye, sati guda ba na shiga kasuwa don kunya. Yanzu ku murɗa makulli ku wuce, ni in tsaya bayan igiya ina shan hayaƙin yaron da ban san ubansa ba? In kallo ne, akwai shi a wayar jikana, ina kwance ma."

Muka kamo hanyar gida ni da aminina. Sai da muka hango rumbunan ƙauyenmu ya ce, "Malam, ashe ba tafiya suka yi ba. Sallamarsu muka yi."

Ya tara direbobi a tasha ya ce a koma turi, a cire wayar sitata daga kowace mota, kuma kada a shigar da motar da ba ta jigilar kasuwa. Wani direban Sule Tankarkar, abokin hamayyarsa tun ƙuruciya, ya tuntsire da dariya.

"Kai ne fa ka ce turi ƙauyanci ne, tsoho!"

"Ni na faɗa. To na dawo ƙauye. Ko tsoro kake ji a ga mutanenku ba sa cin tuwo?"

"Mutanenmu? Wallahi sai sun tura ni har Damagaram kafin taka ta yi tari!"

Da wannan zolaya aka amince. Aminina ya fito da tsohuwar a-kori-kurarsa da ya daɗe da jinginewa a bayan gida, ya gyara ta. Ni kuma na rubuta sanarwa da ajami, aka manna a tashoshi da bakin kasuwanni, magana ɗaya tak: motar garinku ba za ta tashi ba sai kun zo. Shi kuwa kasuwa-kasuwa ya riƙa bi da kumburarriyar ƙafarsa, yana tsokanar mutanen wannan gari da na wancan.

Ranar tsere, tun bayan azahar na fara ganin abin da na daɗe ban gani ba. Amalanken shanu, babura ɗauke da mutum uku-uku, masu ƙafa suna ratso gonaki. Masu rake da masu ƙosai suka kafa kaya. Alhaji ya zo ya tsaya can gefe cikin motarsa, gilashi a rufe. Aka yi la'asar a fili, na yi addu'a, amin ɗin da aka amsa mini sai da ya cika fakon.

Sai da aka jera motoci muka ga kuskurenmu. Bayan kowace mota samari ne cunkus, suna naɗe hannun riga. Bayan tamu kuwa ni ne da wasu tsofaffi 'yan ƙalilan. Aminina ya zagaye garuruwan mutane kaf, amma bai yi shela a gida ba, don a ganinsa gida ba ya buƙatar gayyata. Samarinmu kuwa ana gama girbi suka tafi ci-rani kamar yadda suka saba, babu wanda ya ce musu su dakata. Aminina ya leƙo ta taga ya dube mu, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, ku yi bismilla kawai."

Sarkin tasha ya sauke hula. Fakon ya ɗauki ihu, motoci suka kama ɗaya bayan ɗaya suka nufi kuka. Mu muka sa kafaɗa, motar ta ɗan gangara, ya saki kuloci, ta yi tari ta mutu. Muka sake, ta sake mutuwa. A karo na gaba ƙafata ta zame na durƙusa a ƙasa, numfashina na fita da ƙyar. Na ji an fara dariya daga bayan igiya, sai kuma dariyar ta ɗauke. Na ɗaga kai na ga aminina ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafarsa mai ciwo, ya cire hularsa ya riƙe. Mutumin da ya tara duk wannan jama'a, shi kaɗai ya rage a kan layi.

Sai na ga dattijon nan na Ɗanzomo ya ɗaga igiya ya ratso. Sarkin tasha ya tare shi ya ce, "Baba, doka ce, kowa motar garinsa."

Dattijon ya ce, "Wannan motar ce ta kai uwar 'ya'yana asibiti a Gumel tana naƙuda, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kai ne za ka gaya mini ba ta garinmu ba ce?"

Wani daga baya ya ce, "Ita ta kawo mana gawar yayana daga Maigatari, bai karɓi ko na mai ba."

Sarkin tasha ya dubi fako, ya ga sauran motoci sun yi nisa, ya matsa gefe. Jama'a suka kwararo, har da waɗanda suka gama tura tasu suna haki. Ina ƙoƙarin miƙewa sai na ji an ɗora mini babbar riga a hannu. Alhaji ne. Ya ce, "Malam, riƙe mini. A bayan motar nan na fara zuwa kasuwa da mahaifina." Ya kutsa cikin mutane da 'yar shara, ya sa kafaɗa.

Aminina ya koma kan sitiyari. Masu turi sun fi wurin dafawa yawa, na baya yana tura na gaba. Motar ta tafi kamar ba ta taɓa ƙasa, aminina ya saki kuloci, ta kama da wani irin ruri, fakon gaba ɗaya ya ɗauki kabbara. Na tsaya riƙe da rigar mutane ina hawaye, ban san lokacin da suka zubo ba.

Aminina ne ya zo na ƙarshe, da nisa ma. Direban Sule Tankarkar ne ya ci, amma ya ƙi karɓar gaisuwar kowa sai da tsohuwar motar ta kewayo kuka ta iso. Ya buɗe masa ƙofa ya ce, "Tsoho, ka ci amanata. Ni gari ɗaya ya tura ni, kai ƙasa guda." Alhaji ya zo ya karɓi rigarsa, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, bai ambaci filaye ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, baɗi ma kai za ka buɗe mana da addu'a, in Allah ya kai mu."

Allah ya kai mu, amma bai kai aminina ba. Da damina ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har yau ana tseren, kuma samarin ƙauyenmu ba sa tafiya ci-rani sai an yi shi.

Abin da na koya a wannan yammaci shi ne, mutum ba ya daɗewa a wurin da zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne. Mun yi ta neman abin da za mu nuna wa jama'a, alhali su wurin sa kafaɗa suke nema. Tun daga ranar, ko a makaranta ko a masallaci, idan na ga mutane sun ja baya, ba na fara tambayar me ya same su. Nakan fara duba wane aiki ne nasu muka karɓe.